Dariyar Mutum Dubu Hamsin: Nazari a Kan 'Yan Kallon Wasan Barkwancin Kevin Hart

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani nau'in wasan raha wanda mutum guda kan hau dandamali, ya riƙe makirufo, ya yi ta zuba zance na tsawon sa'a guda ko fiye, ba kiɗa, ba 'yan amshi, ba abokin wasa. Jarinsa bakinsa ne da motsin jikinsa, ribarsa kuwa dariyar masu sauraro. Idan ana neman abin da za a kwatanta shi da shi a ƙasar Hausa, to 'yan kama su suka fi kusa, ko da yake su sukan haɗa da waƙa da kwaikwayon mawaƙa, shi kuwa wannan zance ne tsagwaronsa. A nan za a riƙa kiransa barkwancin tsaye, domin a tsaye ake yin sa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba yadda 'yan kallo suka karɓi wani shahararren wasa irin wannan, wanda Ba'amurken nan Kevin Hart ya yi a filin ƙwallo na Lincoln Financial Field da ke birnin Filadelfiya, ran 30 ga watan Agusta 2015, a gaban mutum wajen 53,000. An ɗauki wasan a fim, aka fito da shi a gidajen silima cikin watan Oktoba 2016 da sunan What Now?, watau "Sai Me Kuma?" Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wasan guda ɗaya ne, amma 'yan kallonsa kashi uku ne, kuma wurin da mutum ya zauna ya kalle shi yana da babban hannu a cikin hukuncin da ya yanke masa.

Mazaunin Barkwanci na Asali

Kafin a fahimci abin da fili ya yi wa wannan wasa, ya kamata a fara sanin inda aka saba yin sa. Mazauninsa na asali shi ne ƙaramin gidan raha, wanda galibi ba ya ɗaukar fiye da mutum 100 zuwa 300. Rufin ɗakin yakan zama ƙasa-ƙasa, kujeru a matse da juna, fitilu kuma a dushe in ban da wadda ke haska mai wasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da amfaninsa. Gajeren rufi yana tare dariya ya mayar da ita kan masu yin ta. Duhu yana rage wa mutum kunya, har ya tuntsire da dariya a kan abin da ba zai yarda a gan shi yana yi wa dariya da rana tsaka ba. Matsi kuwa yana sa dariyar wannan ta kama wancan.

Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Robert Provine, na Jami'ar Maryland, ya shafe shekaru yana bin diddigin dariyar mutane a wuraren da suke hulɗa, ya kuma fitar da littafi a kan haka a 2000. Daga cikin abubuwan da ya gano akwai cewa mutum ya fi yin dariya wajen sau 30 idan yana tare da jama'a, bisa ga lokacin da yake shi kaɗai. Ke nan dariya ba amsa ce ga zancen da aka faɗa kurum ba, har ma saƙo ce da ake aika wa na kusa.

A irin wannan ɗaki mai barkwanci yana ganin fuskokin masu sauraronsa ɗaya bayan ɗaya. In ya ga zance bai shiga ba sai ya sake hanya nan take. In wani ya yi masa katsalandan sai ya mayar masa da martani, martanin ma ya zama wani sabon abin dariya. Shi kansa Kevin Hart, wanda aka haifa a Filadelfiya a 1979, a irin wannan gida ya fara, wanda ake kira Laff House, kuma a farkon al'amarinsa an sha yi masa ihu a kan dandamali. Da wannan ihu na kusa da kusa ya koyi sana'ar.

Daga Ɗaki Zuwa Fili

Hart ba shi ne farkon wanda ya fitar da barkwanci daga ƙaramin ɗaki ba. A ƙarshen shekarun 1970 Steve Martin ya riƙa cika manyan zaurukan wasanni masu ɗaukar dubban mutane, har yakan sa fararen kaya domin na nesa su iya hango shi. Sai dai a 1981, yana kan ganiyarsa, ya ajiye barkwancin tsaye ya koma fim. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2007 ya nuna cewa yawan jama'a da sowarsu na daga cikin abubuwan da suka fitar masa da sana'ar daga rai, domin wasan ya daina zama wurin gwada sabon abu.

A 1987 fim ɗin barkwancin Eddie Murphy mai suna Raw ya samar da sama da dala miliyan 50, abin da ya tabbatar wa masu harkar cewa mutane za su biya kuɗi su shiga silima domin kallon mutum guda yana magana. A 2008 wani Bajamushe, Mario Barth, ya tara mutum kusan 70,000 a filin wasannin Olimfik na birnin Balin, ya shiga kundin bajinta na Guinness, alhali kuwa masu sharhi a jaridun Jamus sun daɗe suna kushe irin barkwancinsa na tsakanin maza da mata. A 2009 wani Ba'amurke da ake yi wa laƙabi da Larry the Cable Guy ya tara sama da mutum 50,000 a filin ƙwallo na birnin Lincoln a jihar Nebraska. Bayan Hart kuma, Gabriel Iglesias ya cika filin Dodger na Los Anjalas a 2022, aka nuna wasan a Netflix. Wannan ya nuna cewa wasan Filadelfiya wani mataki ne a kan hanyar da aka daɗe da ɗauka.

Yadda Wasan Ya Kasance

Fim ɗin What Now? kashi biyu ne. Kashi na farko ɗan gajeren wasan kwaikwayo ne wanda Tim Story ya shirya, inda Hart ya fito a matsayin ɗan leƙen asiri irin na fina-finan James Bond, tare da Halle Berry da Don Cheadle. Kashi na biyu, wanda Leslie Small ya shirya, shi ne wasan filin. Hart ya fito cikin baƙaƙen kaya, riƙe da makirufo mai ruwan zinariya, a bayansa kuwa ga manya-manyan alluna masu nuna hotuna daidai da abin da yake magana a kai. In yana ba da labarin duhun hanyar shiga gidansa, sai hoton wurin ya bayyana a bayansa.

Yawancin zancen a kan tsoro ne da iyali. Akwai labarin wata ƙaramar dabbar dawa da ake kira rakun, wadda ya ce ta zo ƙofar gidansa tana yi masa barazana kamar ɗan fashi. Akwai batun 'ya'yansa da suka tashi cikin daula ba su san wahalar da shi ya sha ba, da batun mahaifinsa, da ruɗewar da yakan yi wajen sayen gahawa a shagon Starbucks. A ƙarshe ya jawo hankalin taron ga cewa akwai kowane launin fata a filin, kuma duk sun yi dariya tare.

'Yan Kallo na Farko: Waɗanda Ke Cikin Fili

Waɗannan su ne suka fi kowa nuna murna, kuma dalilin a fili yake. Filadelfiya garin Hart ne, filin kuma gidan ƙungiyar ƙwallon garin ne, watau Eagles. Mutumin da ya sayi tikiti ya zo kallon barkwanci, ya kuma zo shaida ranar da ɗan garinsu, wanda ya tashi a hannun mahaifiyarsa cikin ƙaramin hali, ya cika filin da ba a saba ganin kowa ya cika ba sai 'yan ƙwallo da manyan mawaƙa. Don haka sowar da ta tashi lokacin da ya fito, kafin ya buɗe baki, ba ta da alaƙa da daɗin zance. Sowa ce ta taya murna.

Amma akwai abin da fili ke ragewa. Filin ƙwallon Amurka tsawonsa ya kai wajen mita 110. Wanda ke can ƙarshe ba ya ganin fuskar mai wasa, balle ƙiftawar idonsa, sai dai ya dubi allo. Ke nan ya biya kuɗi ya fito daga gida, amma a zahiri talabijin yake kallo tare da dubban mutane. Masu iya magana sun ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Sa'an nan akwai matsalar sauti. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda. Wanda ke nesa da dandamali da mita 100 zai ji magana bayan kusan sulusin daƙiƙa, dariyarsa kuma za ta ɗauki wani sulusin kafin ta komo wa mai wasa. A idon wanda bai san sana'ar ba wannan ba wani abu ba ne, amma a barkwanci ɗan wannan taƙi shi ke raba zancen da ya faɗa daidai da wanda ya kuskure. Dariyar ɗaki takan fashe gaba ɗaya ta lafa gaba ɗaya. Ta fili kuwa tafe take kamar igiyar ruwa, ta taso daga gaba ta gangara baya, kuma da yake babu rufi, rabinta sama take tafiya. Tilas mai wasa ya jinkirta, ya jira ta gama zagayawa, in ba haka ba jimlarsa ta gaba ta nutse a cikinta.

'Yan Kallo na Biyu: Masu Shiga Silima

Mai kallo a silima ya sami abin da babu wanda ya samu a fili, watau kusanci. Kyamara ta kawo masa fuskar Hart dab da shi, yana ganin gumi da zare ido da murguɗa baki. Bugu da ƙari, kyamarar takan juya ta nuna masa fuskokin 'yan kallon fili, wannan ya riƙe ciki, waccan tana share hawayen dariya. Ta haka waɗanda suka zo kallo suka zama abin kallo, suka shiga cikin 'yan wasa ba tare da sun shirya ba. Har wa yau mai kallon silima yana zaune ne cikin duhu tare da wasu, saboda haka dariya biyu ke aiki a kansa, ta cikin fim da ta maƙwabcin kujerarsa.

Alƙaluman kasuwa sun ba da wani haske a kan yadda aka karɓi fim ɗin. Ya samar da wajen dala miliyan 23 da rabi, kuma kusan rabin wannan kuɗi ya shigo ne a kwanaki uku na farko. Wannan alama ce ta cewa masoyan Hart na haƙiƙa sun yi rububin zuwa tun da wuri, amma bayansu ba a sami sababbin 'yan kallo masu yawa ba. Fim ɗinsa na 2013, Let Me Explain, wanda aka ɗauka a zauren Madison Square Garden na birnin Nuyok a gaban taron da bai kai rabin na Filadelfiya ba, ya samar da wajen dala miliyan 32. Ashe girman taron da ke cikin fim ba shi ke jawo girman taron da zai zo kallon fim ɗin ba. Sai dai adalci ne a ambaci cewa a wannan shekara ta 2016 kasuwar ta fara sauya sheƙa, domin a cikinta ne kamfanin Netflix ya ƙulla yarjejeniya da Chris Rock da Dave Chappelle a kan wasannin da za a riƙa kallo a gida.

Masu sharhin fina-finai kuwa, kimanin kashi uku cikin huɗu sun yaba. Abin da suka fi yabawa shi ne kuzarin Hart da gwanintarsa ta ba da labari. Abin da aka fi kushewa shi ne wasan leƙen asirin nan na farko, wanda da yawa suka ga jinkiri ne kawai kafin a kai ga abin da aka zo gani. Wasu kuma suka ce girman shirin ya fi ƙarfin zancen da ke cikinsa.

'Yan Kallo na Uku: Masu Kallo a Gida

Daga baya fim ɗin ya shiga faifai da intanet, ya kai ga kashi na uku, watau mutumin da ke zaune shi kaɗai gaban talabijin ko riƙe da waya. A nan ne binciken Provine ya fi yin amfani. Wannan mai kallo ba shi da maƙwabcin da zai ɗauki dariya a wurinsa. Zancen da zai sa shi ƙyalƙyalawa a cikin taro, a gida murmushi kawai zai samu. Ga shi kuma yana jin mutum 53,000 suna ɓarkewa da dariya a kan wannan zance.

Abu biyu kan faru a nan. Wani mai kallon yakan ari dariyar fili ya yafa, ya ji kamar yana cikin taron, ya ji daɗin wasan. Wani kuwa tazarar da ke tsakanin murmushinsa da sowar fili ita za ta dame shi, har ya fara tambayar kansa ko shi ne bai gane ba, ko kuwa su ne suka yi yawa. Daga irin wannan mai kallo ake samun ƙorafin cewa ihu ya fi zance yawa, ko cewa shahara ake yi wa tafi.

Masu shirin talabijin sun daɗe da sanin ƙarfin dariyar aro. Tun cikin shekarun 1950 wani injiniyan sauti a Amurka, Charles Douglass, ya ƙera na'urar da ke ƙara naɗaɗɗiyar dariya a cikin wasannin talabijin, domin mai kallo a gida ya ji kamar yana cikin jama'a. Dariyar Filadelfiya ta gaske ce, mutane ne suka yi ta da bakinsu. Duk da haka masu tace fim su ke zaɓen ƙarfin da za ta fito da shi, su ke kuma zaɓen fuskar da za a nuna daga cikin dubban fuskoki. Ba a cika nuna wanda ya yi hamma ko wanda ya tashi neman abin sha ba. Saboda haka abin da mai kallon fim ke ɗauka martanin taro ne, a gaskiya zaɓaɓɓen martani ne.

Yadda Fili Ke Sauya Barkwancin Kansa

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mai wasan da ya san na bayan fili ba sa ganin fuskarsa tilas ya ƙara girman komai, ya ɗaga murya, ya yi tsalle, ya maimaita kalma sau uku ko huɗu. Gajeren zance mai harshen damo, wanda ke bukatar a kasa kunne, ba ya jure wa fili. Dogon labari mai kwaikwayon murya da motsi shi ya fi dacewa. Haka kuma jigon zance tilas ya zama wanda kowa ya sani, kamar tsoron duhu da rikicin miji da mata da halin yara, domin abin da ya haɗa mutum 53,000 bai kai yawan abin da ya haɗa mutum 200 ba. Daɗin daɗawa, da yake hotunan allo an tsara su daidai da zancen, mai wasa ba shi da sararin kauce wa tsari ya bi wani sabon tunani da ya faɗo masa. Hira da 'yan kallo da mayar da martani ga mai katsalandan duk sun kau.

Akwai kuma wani bambanci tsakanin waƙa da barkwanci wanda fili ke neman shafewa. Waƙa maimaici ke ƙara mata daɗi, mai sauraro yana son ya ji wadda ya sani ya bi ta. Barkwanci kuwa da ba-zata yake rayuwa, in an san ƙarshensa ya rage armashi. Amma babban taro yakan ɗauki mai barkwanci tamkar mawaƙi. A 1990, lokacin da Andrew Dice Clay ya cika Madison Square Garden dare biyu a jere, 'yan kallo sun riƙa faɗin ƙarshen zantukansa tare da shi, domin sun haddace su. A irin wannan hali abin da ake yi ya fi kama da biki, dariyar kuma shaida ce ta cewa mutum ɗan gida ne.

Wannan ba ya nufin fili asara ce zalla. Akwai wani daɗi da ƙaramin ɗaki ba zai iya bayarwa ba, watau mutum ya ji muryarsa ta narke cikin ta dubban baƙi waɗanda bai taɓa gani ba. A ƙasar da bambancin launin fata ya daɗe yana raba mutane, ganin baƙi da farare suna dariya a kan abu guda ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma shi ne abin da Hart ya zaɓa ya rufe wasansa da shi.

Kammalawa

An ga yadda wasa ɗaya ya sami karɓa iri uku. Na cikin fili sun auna shi da ma'aunin biki, suka same shi cikakke. Na silima sun sami kusanci da abokan dariya, galibinsu suka gamsu, ko da yake ba su kai yawan waɗanda suka kalli fim ɗin da ya gabace shi ba. Na gida kuwa su aka bari da zancen tsurarsa, shi ya sa ra'ayinsu ya fi rarrabuwa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, sai dai ba abu guda suke aunawa ba.

Shi ma Hart bai tsaya a fili ba. Wasansa na 2019 a zauren O2 na birnin Landan aka ɗauke shi, 'yan kallo suna kewaye da dandamali ta kowace fuska. A 2020 kuwa, lokacin annobar korona, a cikin gidansa ya yi wasa gaban 'yan mutane kaɗan, kuma wannan ma ra'ayoyi sun rarrabu a kansa. Ke nan ƙanƙantar ɗaki ba ta gyara zance mai rauni, kamar yadda girman fili ba ya tabbatar da ingancinsa. Abin da ya wajaba ga mai nazarin kowane irin wasa na baka shi ne, in an kawo masa shaidar cewa jama'a sun yi dariya, ya tambaya su nawa ne, ina suka zauna, me ya kawo su, kuma wa ya zaɓi dariyar da aka ji a faifai. Sai ya sami amsar waɗannan sa'an nan zai iya raba abin da gwanintar mai wasa ta jawo da abin da taro ya ƙara masa.